Daga Dusar Ƙanƙarar Ukaimeden Zuwa Hunturunmu na Sokode da Dapaong



Asalin wannan rubutu wata tambaya ce da na yi a aji har aka yi mini dariya. Muna babin tsarki, Malam yana lissafa irin ruwan da ya halatta a yi alwala da shi: ruwan sama, na rijiya, na kogi, na teku, sai ya ce da ruwan salju da ruwan baradu. Da ya zo fassara, salju ya ce ƙanƙara, baradu ma ya ce ƙanƙara. Na ɗaga hannu na ce, "Allah gafarta Malam, to ƙanƙarar guda nawa ce?" Wani daga baya ya ce ta firigon mai sayar da bisap ce ta uku. Malam bai yi fushi ba. Cewa ya yi tunda ni na jawo maganar, ni zan je in bincika in kawo wa ɗan littafinmu na ƙarshen shekara. To ga abin da na samo, kuma binciken ya kai ni nesa da inda na zata.

Ashe mai tsokanar nan ya yi gaskiya, ƙanƙara uku ce. Ta firigo ruwa ne da ya daskare ya zama dutse. Baradu ita ce wadda muka sani a nan, mai faɗowa kamar tsakuwa a farkon damina, ta yi ta ƙwanƙwasa kwanon ɗaki, ta yayyaga ganyen masara. A cikin dogon hadari take haɗuwa, can sama inda ake tsananin sanyi ko da ƙasa tana tafasa. Iska mai ƙarfi tana ɗaga ɗigon ruwa ya daskare, wani ruwan ya lulluɓe shi ya sake daskarewa, har ya yi nauyin da iskar ba za ta iya riƙe shi ba. Saboda nauyi da saurin faɗowarta ba ta samun damar narkewa a hanya. Salju kuwa, wadda Hausar rediyo ke kira dusar ƙanƙara, daban take. Tururin ruwa ne ke daskarewa kai tsaye ya zama 'yan ƙananan furanni masu reshe shida, marasa nauyi kamar audugar rimi. Tana saukowa a hankali, don haka sai iskar ta yi sanyi tun daga gajimare har ƙasa, wajen digiri 0, kafin ta iso da ranta. In ba haka ba ruwa za ta koma tun a sama.

Shi ya sa ba za mu taɓa ganin ta a Togo ba. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu shi ne Agu, kusa da Kpalime, mita 986. Kenan in ana digiri 30 a bakin teku, a kansa ana 24 ne, daidai shan iska. Tsaunukan Aledjo da muke bi in za mu Bafilo ma ba su kai shi ba. Amma Kilimanjaro na Tanzaniya, wanda ya fi mu kusa da tsakiyar duniya, yana da ƙanƙara a kansa saboda tsawonsa mita 5,895 ne.

A Afirka akwai wuraren da dusar ƙanƙara ta zama sana'a. Wanda na fi samun bayani a kansa shi ne Ukaimeden a ƙasar Maroko, wani ƙauye a tsaunukan Atlas, kimanin kilomita 75 kudu da Marrakesh. Ƙauyen yana kan tudu mai mita 2,600, ƙololuwar dutsen da ke bayansa ta wuce 3,200. Idan dusa ta rufe gangaren, mutane sukan ɗaura wa ƙafafunsu wasu dogayen alluna biyu, su riƙe sanda a kowane hannu, su zamo daga sama zuwa ƙasa. Wasan zamiya kenan, Turawa na ce masa siki. An kafa kujeru masu rataye a jikin waya da inji ke ja, su kai mutum sama ya zamo, ya sake hawa. Da na fara ganin hotunan sai na tuna yadda muke zamiya a kan kwali a gangaren rafi muna yara, bambancin kawai su biya suke yi, mu kuwa duka muke sha.

Mai kallo daga nesa zai ce wasan masu kuɗi ne, me ya dame mu. Sai dai a duba waɗanda ke tsaye a bakin hanya. Mutanen ƙauyukan tsaunin ne, Amazigawa, talakawa irinmu. Wani hayar takalma da alluna yake bayarwa, wani yana koya wa baƙi yadda ake tsayawa kada a kife, wani yana ɗaukar yara a kan alfadari, wani shayi da abinci mai zafi yake sayarwa, wani zuma. Kakarsu gajeriya ce, galibi daga Janairu zuwa Maris. Abin da suka tara a waɗannan makonni shi ke riƙe gida tsawon lokaci. Ranar da dutse ya yi fari, motoci daga Marrakesh har cushewa suke yi a hanya. Ranar da ya koma jan dutse da tsakuwa, ko kare ba ya zuwa.

Kuma ita dusar ba ta zama iri ɗaya ko da a yini guda. Wadda ta sauka cikin tsananin sanyi busasshiya ce, kamar garin rogo, ba ta dunƙulewa a hannu, ita masu wasan suka fi so. Wadda ta sauka ana dab da digiri 0 jiƙaƙƙiya ce mai nauyi. Da rana ta take, saman dusar ya fara narkewa ya yi caɓi. Dare ya yi, in sama ta washe babu gajimare, abin da ya narke ya sake daskarewa, da safe a tarar da gangaren ya zama gilashi mai santsi, wanda ya faɗi a kai ya ji a jikinsa. Babban abokin gabarta shi ne ruwan sama da iska mai ɗumi: kwana ɗaya suna iya cinye abin da ya taru a mako biyu. Har ƙurar Sahara tana da hannu. Farar dusa tana mayar da hasken rana sama, amma in ƙura ta sauka ta dusashe farinta sai ta riƙa shan zafi ta yi saurin narkewa. A Maris 2022 ƙurar Sahara ta tsallaka teku ta mayar da dusar tsaunukan Sifaniya da Faransa ruwan goro.

Abin da ya fi wasan muhimmanci shi ne ruwa. Dusar da ke kwance a kan Atlas randa ce da ba a gina ba. Tana ajiye ruwan lokacin sanyi, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan idan zafi ya shigo, ya gangara ta koguna irin su Urika ya shayar da gonakin zaitun da alkama na kewayen Marrakesh. Filin Ukaimeden kansa makiyaya ce: bisa tsohuwar al'adarsu ana hana dabbobi shiga tun daga Maris har sai 10 ga Agusta, don ciyawar da ruwan dusa ya shayar ta girma ta zubar da iri. Idan ruwan ya zo a matsayin ruwan sama maimakon dusa, gaba ɗaya yake kwararewa, wani lokaci da ambaliya, bazara ta zo randa ba komai. Maroko ta yi shekaru a jere cikin fari, dabbobi suka ragu ƙwarai, har a Fabrairun 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'arsa su haƙura da yanka ragon Layya a wannan shekarar. Ku yi tunanin Babbar Sallah a Sokode babu rago a ko wane gida. Da na karanta wannan ne na daina ganin maganar dusar ƙanƙara a matsayin labarin Turawa.

Wasu wuraren ma sun riga sun rufe. A Bolibiya, Kudancin Amurka, akwai Cakaltaya, mai tsawon sama da mita 5,000, inda a da ake alfahari da cewa babu wurin zamiyar da ya kai shi tsawo a duniya. Ƙanƙarar da ta daɗe dubban shekaru a kansa ta ƙare a 2009. A Faransa wani ƙaramin wuri mai suna La Sambuy ya rufe kujerunsa a 2023 saboda dusar ba ta ƙara isa a biya kuɗin aiki. Masu hali suna sayen injin da ke fesa ruwa a iska ya daskare, kamar yadda ake yi a Afriski na ƙasar Lesoto, kuma kusan duk dusar da aka yi wasannin Olimfik na Beijin a kanta a 2022 ta inji ce. Amma injin yana shan ruwa da lantarki masu yawa, kuma shi ma sai dare ya yi sanyi ƙasa da digiri 0 yake aiki.

To yanzu mu dawo gida, don akwai igiyar da ta ɗaure mu da su. Watannin da dusa ke sauka a Ukaimeden su ne watannin hunturunmu, kuma sanadinsu ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana tana karkata kudu, arewacin duniya ya huce. Iskar da ke kan Sahara ta yi sanyi ta yi nauyi, sai ta kwararo ta nufo kudu maso yamma, wajen teku. Ita ce iskar hunturu. Sau da yawa idan wani babban sanyi ya sauko daga Turai ya shigo Arewacin Afirka, yakan ƙara ingiza wannan iska, bayan 'yan kwanaki sai mu wayi gari hazo ya rufe mu. Ƙurar kuwa mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Cadi, ana ce masa Bodele. Dā can gindin wani makeken tafki ne wanda Tafkin Cadi na yau ragowarsa ne. Ya bushe ya bar farar laka mai laushi, iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da gudu ta kwashe ta. Farar hodar da muke gogewa a kan allo da Alƙur'anai kowace safiya ta yi tafiyar da ta fi kilomita 1,500 kafin ta same mu.

Ni iyayena a zangon Dapaong suke (Dapango in ji kakata, har yau ba ta yarda da sabon sunan ba), karatu ne ya kawo ni Sokode, don haka na ɗanɗana hunturun garuruwan biyu. Tsakaninsu bai cika kilomita 300 ba, amma ba ɗaya suke ba. Dalili shi ne iska biyu ke kokawa a kanmu: busasshiya daga hamada, mai laima daga teku. Inda suka yi karo akwai layi, kuma layin yana tafiya. Da bazara yana hawa arewa, sai ya iso Sokode tukuna, shi ya sa a nan akan fara samun ruwa tun Afrilu, mu a Dapaong sai Mayu, wani lokaci shukar kirki sai Yuni. Da kaka kuma yana komawa kudu, Dapaong yake fara bari. Hunturu yana riga shiga can, ya fi kauri, ya fi daɗewa. Mutanen Lome kuwa 'yan makonni kawai suke gani tsakanin Disamba da Janairu, su ma har da sa rigar sanyi. Ruwan shekara a Sokode yakan wuce milimita 1,200, a Dapaong wajen 1,000 ne, kuma cikin watanni kaɗan yake zuba. Ga dalilin da ya sa doya ta fi yi a nan, gero da dawa da zabi suka fi yawa a can.

Abin da dusar Ukaimeden ke yi a yini guda, jikinmu ma yana gani. Da Asuba ruwan buta kamar ya tsinke yatsu, ma'auni yana ƙasa da digiri 20, almajirai an dunƙule a bakin wuta. Kafin Azahar ya haura 30, rigar sanyin ta zama kaya. Sirrin yana cikin laimar iska. Tururin ruwa kamar bargo yake, yana tare zafin da ƙasa ta sha da rana kada ya tsere da dare. Iskar hunturu ba ta da laima, bargon ya yaye, zafi ya gudu sama. Wannan shi ne dalilin da ya sa daren damina yake da ɗumi ko da an wuni ba rana, kuma shi ne ke daskarar da gangaren Atlas a daren da sama ta washe.

In an gane wannan bargo, an gane rabin maganar sauyin yanayi. Ban da tururin ruwa, hayaƙin fetur, gawayi da ƙona daji yana sakin wata iska da ita ma ke tare zafi, kuma ita ba ta saukowa da ruwan sama cikin 'yan kwanaki, taruwa take yi shekara da shekaru. Bargon yana ƙara kauri. Masu auna yanayi sun tabbatar cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubutawa. A farkon Afrilun wannan shekarar, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. A kan dutse, ƙarin digiri ɗaya yana tura layin dusa sama da kusan mita 150, abin da ya kamata ya sauko fari sai ya sauko ruwa. A wurinmu kuwa ƙarin yana nufin dam ɗin Dalwak da Dapaong ke sha yana saurin ƙafewa, rijiya tana nisa, kuma Maris da Afrilu a Mango da Dapaong, da ma can sukan kai 40, suna ƙara tsanani.

Dattawan da na tambaya a masallacinmu bakinsu ɗaya: ɗarin dā ya fi na yanzu. Wani ya ce a zamaninsu man kaɗe yakan daskare a kasko har sai an kai shi bakin murhu. Wani ya ce yanzu hunturu sai ya zo kwana huɗu ya ɓace, a yi gumi mako guda, ya sake dawowa kamar mai bin bashi. Ina girmama maganarsu, amma a ganina a nan sai an yi hattara. Shekara ɗaya mai ɗumi ba ta isa hujja ba, kamar yadda dusa mai yawa a shekara ɗaya ba ta nuna komai ya gyaru. A Disamban 2016 dusa ta sauka a Ain Sefra, bakin hamadar Aljeriya, duniya ta yi ta mamaki, amma hakan bai hana zafi ci gaba da ƙaruwa ba. Masana sukan haɗa shekara 30 kafin su yanke hukunci. Sannan garuruwanmu ma sun canza: inda dā itatuwa ne yanzu siminti da kwano ne, su kuwa suna riƙe zafi har cikin dare. Kuma ƙasarmu ta saba da juyi tun dā. Kakanninmu sun ga farin 1973 da na 1984, iyayenmu sun ga ambaliyar 2007 da ta cinye gonaki a yankin Savanes, da ta 2008 da ta karya gadar Amakpape a kan babbar hanya ta ɗaya, manyan motocin arewa suka yi ta jibgewa.

Wanda abin ya fi shafa shi ne manomi, don shi ma kakarsa gajeriya ce kamar ta mai hayar takalma a Ukaimeden. Ruwan farko ya sauka, ya yi murna ya zuba iri, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone, ga iri ya ƙare ga kuɗin taki an ci bashi. Shi ya sa ma'aikatan gona ke cewa a jira ruwan da ya kai kimanin milimita 20 ya jiƙa ƙasa sosai, a kuma saurari hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, ANAMET, da na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari. Masu lambun tumatir da albasa na rani, su kuma sanyin dare suke nema. In zafi ya shigo da wuri furen tumatir zubewa yake yi.

Sai lafiya, wadda ba na so in wuce ta da sauri. Busasshiyar iska da ƙura suna fasa fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cuta ta sami ƙofa. Arewacin Togo yana cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, kuma cutar tana tashi ne daga tsakiyar rani har zuwa saukar ruwa. A 2016 annobarta ta ɓarke a Dankpen, yankin Kara, ta yaɗu, an yi asarar rayuka. Mu da muke kwana da yawa a ɗaki ɗaya, muna toshe taga saboda ɗari, mu ne a bakin hanya. In yaro ya tashi da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, wuyansa ya sanƙare ba ya iya sunkuyawa, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, don Allah a kai shi asibiti a ranar, kada a ce bari mu ga gobe. In an zo rigakafi kuma a fito da yara. Wutar jin ɗumi a kashe ta kafin a kwanta, kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa.

Wani abin da ya ba ni sha'awa a lissafin: azumi yana matsowa cikin hunturu. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11. Azumin 2024 da na 2025 a Maris suka kama, cikin ƙuna. Zuwa 2029 zai fara ne a tsakiyar Janairu, a 2030 kuma sau biyu za a fara shi, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Ƙannenmu na ajin farko azuminsu na fari da ɗari za su yi sahur, leɓe a tsage. Su sani iskar tana busar da jiki ko ba a ga gumi ba, a sha ruwa sosai da dare.

Da na kai wa Malam wannan bayani, sai ya ce to wa zai raba gardama tsakanin dattawa da ma'auni nan da shekara 30? Daga nan muka yanke shawarar fara rubutawa da kanmu. Ajinmu ya yi karo-karo mun sayi ma'aunin zafi, an rataye shi a inuwa a bayan ofis, inda rana da bango mai zafi ba sa taɓa shi. Ana dubawa sau biyu, bayan Asuba da bayan Azahar, a rubuta a littafi tare da ko akwai hazo, ko ana hango tsaunin da ke bayan gari. Na ruwan sama ba ya buƙatar kuɗi: gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, a kafa shi a fili nesa da itace da indararo, da safe a tsoma rula a karanta a zubar. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. Ƙanena a Dapaong ya karɓi nasa gwangwanin, mun yi alkawarin haɗa littattafan biyu duk ƙarshen wata. Matsalar da muka fara samu ita ce awakin maƙwabta, sau biyu suna ture namu, yanzu mun ɗaure shi a kan turke da waya.